Kaurin Rigar Roba Don Hawan Allon Iska a Ruwan Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi

'Yan uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai su Jamus, Holan, Ingila da Denmak suna yawan tambayata game da hawan allon iska, wato wasan nan da mutum ke tsayawa a kan allo bisa ruwa, ya riƙe sandar ƙyalle, iska ta ja shi da gudu. Tun 1984 wasan ya shiga gasar Olamfik, kuma a arewacin Turai babu gaɓar da ba za ka ga masu yin sa ba. Abin da na lura shi ne kowa allo da ƙyalle yake tambaya, rigar sai daga baya. Ni kuwa a wurina ita ce farko, domin allo marar kyau wasa kawai zai ɓata maka, riga marar kyau kuwa tana iya taɓa ranka. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wace irin riga ce wannan, kuma yaya roba take ɗumama mutum?

Ana ɗinka ta da wata roba mai kama da soso, sunanta niyofirin, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1930. Cikinta cike yake da ƙananan kumfa na iskar gas, dubbai a kowane ɗan yanki, kuma waɗannan kumfan su ne ke tare zafin jikinka kada ya tsere cikin ruwa. Wani masanin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Hugh Bradner, shi ake dangantawa da ƙirƙiro rigar a wajajen 1952.

Za ka ji ana cewa ruwan da ya shiga tsakanin fata da riga shi ne ke ɗumama mutum. Ba haka ba ne. Jikinka ne ke ɗumama wannan ruwan, da ƙarfinsa, kuma duk lokacin da sabon ruwa ya shigo ya kori tsohon, sai jikin ya sake biyan wannan kuɗin daga farko. Rigar kirki ita ce wadda ta bar ruwa kaɗan ya shiga kuma ta hana shi yawo.

Mene ne ma'anar lambobin nan, 3/2 da 4/3 da 5/4?

Milimita ne. Lambar farko kaurin robar da ke rufe ƙirji, ciki da baya, ta biyu kuwa ta hannuwa da ƙafafu. Ana ƙara wa gangar jiki kauri saboda nan zuciya da huhu suke, a rage wa gaɓoɓi saboda su lanƙwasu. In ka ga lambobi uku, kamar 6/5/4, yawanci gangar jiki ce, sai ƙafafu, sai hannuwa, amma kamfanoni sun bambanta wajen rabon, don haka ka duba jikin rigar, galibi ana buga lambar a kowane yanki.

To wane kauri ya dace da wane ruwa?

Ga ma'aunin da nake bi, kuma bai yi nisa da abin da shagunan wasannin ruwa na Turai suke ba da shawara ba. Ruwan da ya haura digiri 22 a ma'aunin Selshiyos, kamar tekun Legas da ke zama sama da 25 kusan duk shekara, ba ya buƙatar komai sai riga marar nauyi mai kare fata daga rana, ko gajeriyar roba mai milimita 2 idan iska ta yi ƙarfi. Daga 17 zuwa 21 sai doguwar 3/2. Daga 13 zuwa 17, wanda shi ne ruwan Tekun Arewa (tekun da ke tsakanin Ingila, Holan, Jamus da Denmak) a farkon lokacin zafi da kuma kaka, 4/3 ce. Daga 8 zuwa 13 ka shiga ƙasar 5/4 ko 5/3, tare da takalman roba. Ƙasa da 8 kuwa, wato Janairu zuwa Maris a Tekun Arewa da Tekun Baltik, sai 6/5 mai haɗe da hula, takalma masu kauri da safar hannu, kuma ko da duk wannan ba a daɗewa.

Kada ka riƙe waɗannan lambobin kamar karatun allo. Iyakokin suna shiga juna, kuma abubuwa uku suna tura ka mataki ɗaya sama: ƙarfin iska, rashin kitse a jiki, da kasancewarka sabon shiga. Sabon shiga rabin lokacinsa a cikin ruwa yake yi, yana faɗuwa yana hawa yana jawo ƙyalle da igiya. Ƙwararre yana iya yin awa guda bai jiƙe sama da sau uku ba. Ruwa ɗaya, rana ɗaya, amma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Idan kana tsakanin kauri biyu kana shakka, ɗauki na sama. Wanda zafi ya dama zai iya faɗawa ruwa ya huce, ko ya ja wuyan rigar ya bar ruwa ya shiga, wanda sanyi ya kama a tsakiyar teku kuwa ba shi da dabarar da za ta ɗumama shi.

Idan rana ta fito kuma gari ya yi ɗumi, ba zan iya rage kauri ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, domin nan mutane suke faɗawa. Teku ba ya tafiya tare da kalanda. Ruwa mai yawa yana jinkirin ɗaukar zafi yana jinkirin sakinsa, shi ya sa Tekun Arewa ya fi sanyi a Fabrairu da Maris, lokacin da yake sauka wajen digiri 5 zuwa 7, ya fi ɗumi a Agusta da farkon Satumba, wajen 17 ko 18. Ma'ana, a watan Mayu ana iya samun rana mai digiri 22, mutane na zaune a bakin teku da 'yar shara, alhali ruwan bai fi 10 ko 11 ba. A Oktoba kuma abin ya juye, gari ya yi sanyi amma ruwan na nan da sauran ɗumin da ya tara. Babbar gasar duniya da ake yi a tsibirin Sylt na Jamus a ƙarshen Satumba tana faɗawa cikin wannan lokaci ne, ruwa bai kai munin iskar ba.

Na koyi wannan da jikina a tsibirin Fehmarn na Jamus, wata ranar Mayu mai kyawun gaske. Na sa 3/2 saboda na ga rana. Ina can nesa da gaɓa mahaɗar da ke riƙe ƙyalle a jikin allo ta karye, allon ya yi gaba, na bi shi da iyo. Ban fi minti ashirin a ruwa ba, amma da na kamo shi yatsuna sun ƙi rufewa, igiyar da zan ɗaure kayan da ita ma na kasa ƙullawa. Wani dattijo Bajamushe ne ya hango ni ya jawo ni zuwa gaɓa. Tun daga ranar, kafin in zaɓi riga nakan tambayi kaina abu ɗaya: in kaya suka lalace a wuri mafi nisa da zan kai, zan iya yin rabin awa a cikin wannan ruwan da wannan rigar?

Akwai ma wuraren da zafin gari ba ya gaya maka komai game da ruwa. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, lokacin iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, shi ne lokacin zafinsu, amma wannan iskar ce ke tura ruwan sama zuwa cikin teku, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Sai ka ga rana na ƙuna, ruwa kuma na wajen digiri 13, kowa sanye da 4/3. Duba zafin ruwa na ranar a shafin hukumar yanayi ta ƙasar da kake, ko a allon sanarwa na bakin teku, kafin ka buɗe jaka.

Na ga rigar masu hawan igiyar ruwa ta fi araha. Ba ɗaya ba ne?

Kauri ɗaya ne, aiki daban. Mai hawan igiya yana kwance ko zaune a cikin ruwa yana jira, abokin gabarsa ruwa ne. Kai kuwa kana tsaye a jiƙe cikin iskar da ka zo nema da kanka, ga kuma gudun allo yana ƙara mata ƙarfi. Duk wanda ya sha ruwan tulu ya san abin da ke faruwa. Tulun ƙasa yana tsatsafo, iska ta busa jikinsa, danshin ya tashi ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Rigar da aka lulluɓe bayanta da yadi tana riƙe ruwa a saman kamar jikin tulu, kai ne kuma ruwan da ke ciki.

Shi ya sa rigar masu allon iska take da roba mai santsi a ƙirji da baya, wani lokaci har kafaɗu, wadda ruwa ke zubewa daga kanta nan take. A rana mai iska, 4/3 mai santsi tana iya ɗumama ka kusan kamar 5/4 mai yadi. Aibinta shi ne rashin ƙwari, farce ma yana iya yaga ta, don haka ake sa mai yadi a gwiwa da ɗuwawu inda ake gogar allo. Idan ka riga ka sayi mai yadi, kada ka jefar, ɗora mata 'yar jaket mai tare iska a sama, za ka ji bambanci.

Bambanci na biyu yana damtse da gaban hannu. Riƙon sandar ƙyalle yana sa naman gaban hannu ya kumbura da jini. In hannun rigar ya matse, cikin minti goma sha biyar za ka ji hannun ya yi tauri kamar itace, riƙo ya gagara. Rigunan da aka yi domin wannan wasa ana sakar musu gaban hannu kaɗan, a matse wuyan hannu kawai.

Me zai hana in sayi 6/5 in huta, in riƙa sa ta ko yaushe?

Gajiya. Kowace milimita da ka ƙara, hannunka zai yi kokawa da ita a duk motsi, kuma wanda ya gaji ya fi yawan faɗuwa, wanda ya fi faɗuwa ya fi jin sanyi. A ruwa mai digiri 16 kuma za ka yi gumi har ka galabaita.

Wanne ya fi muhimmanci, kauri ko yadda rigar ta zauna a jiki?

Zama a jiki, ba tare da wata-wata ba. 5/4 mai ɓurma a ƙugu ko hammata ta fi 4/3 da ta kama jiki sanyi, saboda duk faɗuwa ruwa zai cika waɗannan aljifan. Mu da muka saba da babbar riga da kaftani, jikinmu yana ƙin matsattsen kaya, kuma na ga 'yan uwa da yawa sun ɗauki girma ɗaya sama da nasu don wannan dalili. Kuskure ne. A shago, a bushe, ya kamata ka ji ta kama ka ko'ina, ba tare da ta shaƙe maka wuya ko ta hana ka jan dogon numfashi ba. Ka tsuguna, ka miƙa hannuwa gaba kamar kana riƙe da sanda, ka sa wani ya duba bayan ƙugunka ko akwai rami. Mata su nemi yankan mata, ƙugu da ƙirji ba sa zama daidai a na maza.

Sai ɗinki. Akwai wanda allura ke huda robar ta fita ɗaya gefen, wannan na ruwan ɗumi ne, yana yoyo ta kowace huda. Na ruwan sanyi ana fara manna gefunan da gam, sannan a ɗinka da lanƙwasasshiyar allura wadda ba ta ratsa robar gaba ɗaya. Masu tsada ana ƙara musu tef ta ciki ko a shafe ɗinkin da narkakkiyar roba. Ƙasa da digiri 15 kada ka yarda da ɗinki mai huda, ko nawa aka rage maka. Zif ma ƙofar ruwa ne: dogon zif na tsakiyar baya ya fi sauƙin sakawa, gajere na ƙirji ya fi hana ruwa.

Ƙafa da hannu da kai fa?

Ƙafa ce ke fara mutuwa, domin ita ce kullum ruwa ke wankewa a kan allo. Takalmin roba mai milimita 3 ya isa zuwa wajen digiri 12, mai 5 zuwa wajen 8, ƙasa da haka mai 6 ko 7. Ka tuna ka saki maɗauran ƙafa na jikin allo in ka sa takalmi mai kauri, domin ƙafar da ta maƙale lokacin faɗuwa ita ce ke kawo targaɗe ko karaya. Wannan abu ne na minti biyu da sukudireba, mutane kuma suna mantawa.

Hannu ne matsalar da har yau ba ta da cikakken magani. Safar hannu mai kauri tana ƙara wa sanda faɗi a tafinka, sai ka riƙa matsawa da ƙarfi, gaban hannu ya ƙage da wuri. Abin da yawancin masu shiga ruwa a lokacin sanyi suka tsaya a kai shi ne safa mai haɗe yatsu wuri ɗaya wadda tafinta a buɗe yake: bayan hannu da yatsu suna ɓoye daga iska, tafin kuma yana taɓa sanda kai tsaye. Akwai wata dabara da za ka ga tsofaffin hannu suna yi. Bayan minti goma na farko sukan fito gaɓa, su riƙa wurga hannuwa har jini ya dawo. Dawowar tana da zafi ƙwarai, kamar an zuba barkono a yatsu, amma bayanta hannun yakan jure sauran lokacin.

Hular roba mai milimita 2 ko 3 kuwa, daga digiri 10 zuwa ƙasa ba na barin ta. Ruwan sanyi a kai yana kawo wani ciwon goshi mai rikita tunani, ga kuma kunne, wanda yawan shan ruwan sanyi da iska na shekaru kan sa ƙashinsa ya tsiro ya rage faɗin ramin.

Me ke faruwa da jiki in mutum ya faɗa ruwan sanyi?

Ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya, RNLI, tana ɗaukar duk ruwan da ya gaza digiri 15 a matsayin ruwan sanyi mai haɗari. Abu na farko ba daskarewa ba ne, firgitar jiki ce. Fata na taɓa ruwan, mutum zai ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, numfashi ya riƙa fita da sauri, zuciya ta buga. In kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokacin, ruwa zai shaƙa. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya daɗe yana bincike a kan wannan, kuma shawarar ita ce ka kwanta rigingine, kada ka yi kokawa, ka bar minti ɗaya ko biyu su wuce har numfashi ya daidaita. Bayan nan sai sanyi ya shiga naman hannuwa da ƙafafu, ƙarfi ya tafi. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin ga wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara ba kariya: minti ɗaya na kama numfashi, minti goma na motsi mai amfani, awa ɗaya kafin suma. Rigar roba tana rage firgitar farko, tana kuma tsawaita waɗannan mintuna goma, wanda shi ne babban aikinta.

Alamomin fita su ne kyarmar da ta ƙi tsayawa, yatsun da suka kasa kama zif, magana na sarƙewa, da yawan faɗuwa a abin da ka saba yi cikin sauƙi. Zafin cikin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma mai shi ba ya ganewa. Don haka ba a shiga ruwan sanyi mutum ɗaya, ba a kuma shiga ranar da iska ke busawa daga tudu zuwa teku.

Mu da muka tashi a ƙasar zafi, sai mun ƙara kauri?

A shekarar farko nakan ce a ƙara mataki ɗaya. Daren hunturu a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15, mun san wannan sanyin, amma na iska ne. Ruwa yana ɗauke zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka digiri 13 na teku ba shi da alaƙa da digiri 13 na asubar Janairu a gida. Jiki yana sabawa, shiga na 'yan mintuna sau biyar ko shida yana rage firgitar farko sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara a Yuli ko Agusta, ka ci gaba da zuwa duk mako, ka bi ruwan yana sauka a hankali. Kuma dole ka iya iyo da gaske tukuna, rigar tana taimaka maka ka yi sama-sama amma ba rigar ceto ba ce.

Rigar da ruwa ba ya shigarta sam fa?

Akwai ta, mai roba a wuya da wuyan hannu da ke toshe ruwa, ana sa kayan ɗumi a cikinta. Tana da daɗi a tabkuna masu kwanciyar ruwa. Tsorona da ita shi ne in ta yage ko aka bar zif bai rufe ba, ta cika da ruwa, kariyar ta tafi gaba ɗaya a lokaci guda. Rigar roba ko ta yage tana ci gaba da yawancin aikinta.

Rigar tana bayyana surar jiki, ga kuma batun tsarki. Yaya ake yi?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba ta da wuya. Maza da yawa, har da Turawan, suna ɗora gajeren wando a kan rigar. Mata suna iya ɗora doguwar riga marar nauyi ko jaket mai tare iska, hular robar kuma ta rufe gashi. Sharaɗin kawai kada abin da aka ɗora ya zama mai faɗi da zai sha ruwa, ko ya kama ƙugiyar ɗamarar da ake rataya da ita a sanda. Wajen canza kaya ana sayar da wani babban tawul mai kama da burmusu, ana tuɓewa a cikinsa a bakin mota ba wanda ya ga jikinka.

Sanyi yana sa mutum jin fitsari, kuma wasu suna yi a cikin rigar. Ka kama ruwa kafin ka saka ta, ka rage shayi da kofi kafin shiga, in ya matsa ka fito. In lalura ta sa ya faru, a wanke rigar ciki da waje da ruwa mai yawa, a wanke jiki kafin salla.

Kuɗin riga ɗaya kawai gare ni. Wace zan saya, kuma gwanjo ya yi?

In kana arewacin Turai, 5/4 ko 5/3 mai santsi a ƙirji da ɗinkin gam, da takalma masu milimita 5. Za ta kai ka daga Afrilu zuwa Nuwamba, a Agusta ne kawai za ka ɗan yi gumi. In kana kudu, wajen Tarifa ta Sifen ko Tabkin Garda na Italiya, 4/3 ta fi dacewa. Ƙarshen kaka shaguna kan karya farashin kayan bara, kuma bambancinsu da sababbi galibi launi ne.

Gwanjo kuwa sai da ido. Kumfan cikin roba suna lotsewa da shekaru, sai ka sami riga an rubuta 5 a jikinta amma aikin 3 take yi. Matsa ta tsakanin yatsu biyu a gwiwa da ɗuwawu, in ta yi fale-fale ko ta bushe tana tsagewa, bar ta. Juya cikinta ka ja ɗinkin hammata da na tsakanin cinyoyi, nan gam yake fara saki.

Yaya zan kula da ita ta daɗe?

Ɗauraye ta da ruwan famfo mai sanyi bayan kowane shiga, domin gishiri yana cin zif da ɗinki. Ka shanya ta a inuwa, cikinta a waje tukuna, in ya bushe ka juya. Rana, injin wanki, hita da ruwan zafi duk suna kashe robar. Kada ka rataye ta ta kafaɗa a siririyar hanga tana jiƙe, nauyin ruwan zai miƙar da kafaɗun, ninka ta biyu a ƙugu a kan sanda mai kauri. Ƙaramar yaga ta farce ana gyara ta a gida da gam na niyofirin: a shafa a gefe biyu, a jira ya sha iska ya daina kama yatsa, a haɗa a matse, a bar shi ya kwana kafin a koma ruwa.